Tumbin Mai Girma da Kifin Gurbin Hani

"Tura babur ɗinka gida, ɗan nan. Mai ya ƙare tun kana barci."

"Etek, da idona na ga tanka tana saukewa."

"Ni na ce maka ba ta sauke ba? Cewa na yi ya ƙare."

Etek Rosmaniar ke nan, wato gwaggo a harshenmu, mai suyar ayaba a bakin gidan man garinmu, matar da ba ta taɓa sa wa magana sukari ba sai dai ayaba. Ranar Talatar da ta wuce ne, ina kan layi tun rana ba ta yi zafi ba har ta zo ta tsaya mini a ƙeya. Ta nuna mini bayan gidan man da matsamin suyarta. Jarkoki ne a jere kamar masu jiran liman, ana ɗura musu ana loda su a mota, za a kai wa katafilolin da ke haƙar yashi a saman kogi. Abin da ya rage kuma, in ji ta, an ajiye wa ayarin Mai Girma, wanda zai zo ranar Alhamis ya ba garinmu lambar yabo ta kula da muhalli.

Na ce, "Wallahi sai na rubuta wannan a jarida."

Ta ce, "Rubuta, Allah ya yi maka albarka. Ka yi shi da tsawo. Shafinka ya fi na kowa shan mai, da shi nake naɗe ayaba."

'Yarta Yenti, da ke gefe tana ɓare ayaba, ta sunkuyar da kai tana dariya. Jama'a, ba zan ɓoye muku ba, saboda wannan dariyar zan iya bin layin mai har tashin duniya. Amma ba zancen zuciyata ya kawo ni yau ba. Zancen ciki ne.

Duk wanda ya taɓa ratsa ƙauyukanmu na tsaunukan Sumatra ya ga farin ƙyalle a kan gora a bakin kogi. Namu guda biyu ne, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, tsakaninsu kuma Gurbin Hani. Kowace shekara limaminmu, Buya Darwis, yakan tara gari ya ɗaure gurbin da addu'a, jama'a su ce amin. Wanda ya ce amin ya ɗauka, shi da gidansa. Daga ranar ba mai jefa ƙugiya, ba mai jefa koma, sai bayan ƙaramar salla Buya ya kwance, gari duka ya faɗa ruwa, a yi su na yini guda, a sayar a yi wa masallaci da marayu hidima, sannan a sake ɗaurewa. Wanda ya saci kifin gurbin kuwa, tun kakanninmu an san sakamakonsa: cikinsa ne zai kumbura.

Kada ku tambaye ni ko na taɓa gani. Na karanta littattafai har idona ya nemi gilashi, na san abin da masana za su ce. Amma na san kuma babu ɗan sanda, babu shinge, babu mai gadi, kifin gurbin nan, waɗanda muke kira garing, sun yi ƙiba sun yi sakaci har suna cin shinkafa a tafin hannun mutum. In rana ta karkata, bayansu ya riƙa walƙiya a cikin ruwa, sai ka ce ashe akwai sauran wuri a duniya da abu mai rai bai koyi tsoron ɗan Adam ba.

To wannan ne Mai Girma, Garkuwan Tsirrai, Uban Tsuntsaye da Kwaɗi, ya samu labari ya ce lallai a karrama mu. Mun gode. Allah ya ƙara wa Mai Girma tausayin ganye.

Aikin karramawar ya fara ne da sare tsohon ɓauren bakin gurbi, wanda 'ya'yansa ke faɗa wa kifin su ci, saboda ya tsare wurin da za a kafa rumfa. Ba za a bar babban baƙo a rana ba, balle a ce a ƙarƙashin bishiya zai zauna kamar mara galihu. Daga nan aka shafa wa duwatsun bakin ruwa koren fenti, don kada masu ɗaukar hoto su yi zaton ba mu son kore. Aka kafe allo da hoton Mai Girma yana rungume da wani tsiro, ya lumshe ido kamar wanda ya ga ɗansa na fari. Ni dai na je na tsaya a kan kututturen ɓauren nan. A ƙarƙashinsa na yi niyyar gaya wa Yenti wata magana. Yanzu sai dai in gaya mata a ƙarƙashin hoton Mai Girma, yana kallonmu.

Da yammacin Talatar nan, bayan la'asar, muna masallaci muna ta jan bokitai. Masallacinmu yana yoyo, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: Buya ya san kowace kafa kamar sunayen jikokinsa. Tabarmi sun ruɓe, an kwashe Alƙur'anai an kai gidansa, sahun gaba kuma in ana ruwa sai ka zaɓa, ko lada ko mura. Muna cikin haka sai ga mota ta shigo harabar ta zubar da sabon kwanon rufi, fal, yana ɗaukar ido. Wanda ya fito daga gaban motar shi ne na hannun daman Mai Girma, wanda ni nake kira Sarkin Jaka, don ban taɓa ganinsa ba jaka a hammata ba. Ba a mugun sarki, in ji masu magana, sai mugun bafade. Ni na daina yarda da rabin farko na maganar, amma rabin ƙarshe yana nan daram.

Ya kama hannun Buya ya kai goshi. "Buya, Mai Girma ya ji halin da ɗakin Allah ke ciki, ya kasa cin abinci."

Buya ya ce, "Allah ya buɗe masa ciki."

"Amin. Wata 'yar alfarma ce kawai. Ranar Alhamis Mai Girma zai so ya jefa ƙugiya ya kama kifi ɗaya, a ɗauki hoto, a gasa masa. Alama ce ta kusancin shugaba da halittu."

"Gurbin a ɗaure yake, ɗana."

"Shi ya sa muka zo wajen mai kwancewa. A kwance wa mutum ɗaya, na ɗan lokaci."

"Ba a kwance wa mutum ɗaya. In an buɗe, kowa aka buɗe wa."

Sarkin Jaka ya yi murmushi irin na wanda ya riga ya ci jarrabawa tun ba a shiga aji ba. "To a buɗe wa kowa, Buya. Mu mun san yadda za mu yi da kowan."

Bai tsaya nan ba. Ya ce bayan lambar yabo, gurbin zai koma ƙarƙashin wani kwamiti na ƙwararru, kuma an yi sa'a surukin Mai Girma, mai katafilolin nan na sama, ya amince zai shugabanci kwamitin ba ko sisi. Har ma zai yashe gurbin kyauta, ya kwashe yashin da ya dami kifi, don su samu wurin sakewa. Ku ji tausayi. Kura ta ce za ta yi wa akuya renon 'ya'ya, ba ta son lada.

Na zuba wa Buya ido ina jira ya daka masa tsawa. Bai daka ba. Ya dubi kwanon nan, ya ɗaga kai ya dubi rufin da hasken rana ke leƙowa ta cikinsa, ya daɗe yana kallo. Tsoho ne da ya shekara yana roƙon Allah rufi, ga rufi ya zo har ƙofa da ƙafarsa. Sai ya ce, "Ku bar ni in kwana da maganar."

Aka bar kwano a harabar masallaci. Kafin magariba gari duka ya zo ya shafa shi kamar amarya.

A shagon gahawa washegari ba a yi wani zance ba sai shi. Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne maƙwabcina Uda Jamaris, wato yaya a harshenmu, direban katafila, siriri kamar gorar tutar gurbi, mutumin da ba ya rasa sahun gaba ko ana ruwa.

Ya ce, "Kifi ɗaya, Yusrizal. Kifi ɗaya a ba mu rufi. In kifin da kansa aka tambaya zai ce a gasa shi, ya samu aljannar kifaye."

Na ce, "Uda, yashewar fa?"

"Wannan gaba ce. Kai matsalarka karatu. Mutum ya cika karatu sai ya riƙa jin tausayin abin miya."

"Ka ga ruwan gurbin kuwa kwanan nan? Ya koma kamar shayi da madara. Kifi na ɗago baki sama suna neman numfashi. Daga wajen aikinka laka take gangarowa."

Ya dire kofinsa. "Kar ka ɗora mini. Hani daga tuta zuwa tuta ne. Ni a saman tuta nake haƙa, ban taɓa ƙetare ta da ko taku ɗaya ba. Tambayi kowa. In na zo kusa da ita har salati nake yi."

Kuma gaskiya ya faɗa. A nan ne zan ɗan sauke manya in ɗauki kanmu, don kada a ce mai shafin nan ba ya ganin ƙwayar idonsa. Mu ne muka auna wa Ubangiji fili. Muka ce daga wannan gora zuwa waccan naka ne, mun bar maka, ba ma taɓawa. Abin da ya yi sama da abin da ya yi ƙasa namu ne, kar ka leƙo. A cikin tuta mu waliyyai ne, taku ɗaya a waje mu ne masu zubar da shara da bakin mai. Kamar ruwan da ke gangarowa yana karanta tuta. Amana aka ba mu ta kogi, muka yanki loma ɗaya muka wanke ta tas muka ɗaga wa duniya, sauran muka miƙa wa tifa. Har ga shi za a ba mu kofi.

Alhamis ta zo. Kan ayarin Mai Girma ya iso kasuwa wutsiyarsa tana kan gada, kowace mota tana fitar da hayaƙin ƙaunar muhalli. Aka raba mana korayen riguna, aka raba ruwan leda, aka sha aka jefa ledojin a kogi, a saman tuta, don mu masu kiyaye doka ne. Mai Girma ya dasa tsiro a gefen kututturen ɓaure, da baƙar ledarsa da komai, aka yi tafi. Sannan ya juyo, muka gan shi sosai.

Jama'a, a nan na gane ramin da ke cikin hikimar kakanninmu. Su da suka ce cikin ɓarawon kifi zai kumbura, talakawa suka sani. Ba su taɓa tunanin za a yi wani zamani da mutum zai iso bakin gurbi da kumburinsa tun daga gida ba. Shi da 'yan rakiyarsa, in ka jera su, maɓallan rigunansu duk suna gab da tsinkewa. Etek ta raɗa mini, "Wannan ko gurbin duka ya cinye, wa zai gane?"

An hura gawayi a bayan rumfa. An jingina sabuwar sandar fatsa mai ruwan zinariya a jikin kujerarsa. Masu gadi sun ja igiya tsakaninmu da ruwa, wato an san yadda za a yi da kowan. Kifin kuwa, bayin Allah, da suka ga taro sai suka taso bakin gaɓa suna jiran shinkafa. Na kau da kai.

Mai Girma ya yi jawabi. Allah ya ba shi baki, ban hana shi ba. Ya ce kogi uwa ce. Ya ce wanda ya cuci kogi ya cuci jikokinsa. Ya ce shi da za a tsaga ƙirjinsa, kore za a gani. Ya miƙa wa Buya wani ƙaton kofi mai hannu biyu, masu hoto suka yi ta walƙiya. Sannan Sarkin Jaka ya karɓi lasifika ya ce yanzu Buya zai yi addu'a ta musamman, yana kashe wa masu gawayi ido.

Buya ya ajiye kofin a ƙasa. Ya karɓi lasifika. Ya ce, "Na kwana biyu ina neman abin da zan faɗa, sai yau Mai Girma ya faɗa mini. Ya ce kogi uwa ce. Ni dai ban taɓa jin ɗan da ya ce daga wuyan uwarsa zuwa kafaɗa haramun ne, sauran jiki a sa katafila ba. Laifin nawa ne, ni na kafa tuta kusa. Ku ɗaga hannu."

Aka ɗaga. Mai Girma ya fi kowa ɗagawa, ya lumshe ido irin na allo, masu hoto suka durƙusa a gabansa.

Buya ya yi yabo ya yi salati, sannan ya koma harshen gari, a hankali, kalma bayan kalma, yadda ko kurma zai karanta a leɓensa. Ya ce ya Allah, mun ɗaure kogin nan daga tutar ƙasa har zuwa inda yake faɗowa daga dutse. Mun ɗaure kifinsa, mun ɗaure yashinsa, mun ɗaure duwatsunsa da bishiyoyin gaɓarsa. Wanda ya ɗiba, da wanda ya aika a ɗiba, da wanda aka kai wa ya ci, ya Allah ka san cikin kowa.

Mata ne suka fara cewa amin, daga baya maza suka bi, wasu da ƙarfi wasu kamar ana zare musu haƙori. Na saci kallon Uda Jamaris. Hannunsa a sama, idonsa a kan cikinsa, bakinsa ya ce amin kafin ya yi shawara da shi.

Saura mutum ɗaya. Mai Girma ya ji komai, ba abin da ya wuce shi. Na ga idonsa ya buɗe tun da aka ambaci yashi. Amma ga hannunsa a sama, ga allonsa a bayansa yana rungume da tsiro, ga masu hoton da shi ya biya kuɗin motarsu sun saita shi. Gaba kura, baya sayaki. Leɓensa ya ɗan motsa.

Etek Rosmaniar ta ce daga cikin mata, cikin ladabi ƙwarai, "Ranka ya daɗe, mu na baya ba mu samu albarkar ba."

Sai Buya ya miƙa masa lasifika har bakinsa. Haka amin ɗin Mai Girma ta fita ta ƙetare kogi ta bugi dutse ta dawo. Ban taɓa jin amin mai ɗaci irinta ba, kuma ban taɓa jin wadda ta yi mini daɗi kamarta ba. Na waiwaya don in ɓoye ƙwallar da ta taho mini, sai muka haɗa ido da Yenti. Wannan kuma ba na jarida ba ne.

Ba a ci gasasshen kifi ba. Wani aikin gaggawa ya taso wa Mai Girma a birni. Kafin a kwance rumfa, motar nan ta dawo harabar masallaci ta kwashe kwanonta, har da ƙusoshin. Sarkin Jaka ya ce kuskure aka yi wajen saukewa, na wani gari ne.

Za ku tambaye ni ko addu'a ta ci. A kan manya, Allah kaɗai ya sani, don babu ma'aunin da zai nuna. Amma a kan masu siririn ciki ta ci nan take. Da safiyar Juma'a na ga Uda Jamaris zaune a ƙofar gida yana gyaran keken ɗinkin matarsa.

Na ce, "Uda, ba aiki yau?"

Ya ce, "Matar gidan ta ce in na hau katafila in tarar da takalmana a waje. Gidan nata ne, ka sani a ƙasarmu gida na mace ne. Sauran direbobin ma kowa ya ce zazzaɓi yake yi." Ya dafa cikinsa. "Kai mai karatu, jiya na ci wake da yawa. Wake ne ko?"

"Wake ne, Uda."

"To me zan ci wata mai zuwa? Wannan ma yana cikin littattafan naka?"

Ba ya cikinsu, jama'a, ba zan yi muku ƙarya ba. Na kuma san surukin Mai Girma ba zai kwanta ba. Zai nemo direbobi daga nesa waɗanda ba su ce amin ba. Na gaya wa Buya haka, ya ce, "Su ma da cikinsu za su zo, kuma a shagon garin nan za su sha gahawa. Za a ba su labari." Abin da na sani kawai shi ne a ranar na shiga gidan mai na sha ba layi, har mai zuba man yana tambayata ko in ƙara. Ashe man ƙasar nan yana da yawa, addu'a ce ba ta kai saman tuta ba.

Lokacin sallar Juma'a aka kece da ruwa. Muka zauna a karkace, kowa yana kare kafaɗarsa. Kafar da ta fi kowace girma tana daidai gaban mumbari, kuma a ƙarƙashinta Buya ya ajiye kofin lambar yabo. Ku faɗi abin da za ku faɗa a kan Mai Girma, amma kofinsa ba ya yoyo, kuma hannu biyun nan suna da daɗin ɗauka. A duk kyautar da manya suka taɓa yi wa garin nan, ita ce ta farko da ta yi aiki tun washegari.

Bayan an sallame, mutane suka fara gunaguni a kan rufi, wani yana cewa ai salla ta kusa, in an buɗe gurbi aka sayar da kifi a fara da sahun gaba. Buya ya miƙe, ruwa na ɗiga a kan hularsa, ya jira har aka yi shiru.

Ya ce, "Yusrizal, kofin ya cika, je ka zubar. Ku kuma ku saurara. Bana ba za a buɗe gurbi ba, ko da salla, sai ranar da na tsaya a gaɓa na hango yashin ƙasansa. Rufi ya jira. Daga yau duk mai zuwa masallaci ya zo da bokitinsa."